Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙiba da Yawan Ciyarwa Ga Macijin da Ake Kiwo a Gida

Masu kiwon maciji a gida ba su da yawa a Kaduna, amma suna ƙaruwa, kuma mafi yawansu matasa ne da suka fara da ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda masana suke kira Python regius. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi mini a shekarun da na yi ina kiwon wannan mesa. Na tattara su wuri guda ne saboda na lura cewa abin da ya fi kashe macizan da ke hannunmu ba yunwa ba ce, ƙiba ce, wadda mai dabbar yake jawowa da hannunsa yana zaton alheri yake yi.

Da gaske ne maciji yana yin ƙiba har ta zame masa cuta?

Ƙwarai kuwa, kuma a hannun masu kiwo ake ganin haka, domin a daji da wuya maciji ya samu abincin da zai yi masa yawa. Ƙaramar mesa 'yar ƙasarmu ce, ana samunta a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tana wuni a ramin gafiya ko cikin suri, ta fito da dare ta yi kwanto, wata rana ta dace, wani lokaci kuma ta yi makonni ba ta kama komai ba. A kan wannan rayuwa aka halicci jikinta. Maciji ba ya ƙona abinci don ya ɗumama jininsa kamar yadda mu da tumaki da kaji muke yi, daga rana da ƙasa yake samun ɗumi, saboda haka abin da jikinsa yake buƙata yana kwance bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na buƙatar kyanwa mai nauyinsa ba. Idan aka sa shi a akwati, ba tafiya ba farauta, aka kuma riƙa miƙa masa ɓera duk mako, rarar ba ta da wurin zuwa, sai ta zama kitse.

Matsalarmu ita ce da idon makiyayi muke duban kowace dabba. Mun tashi muna ganin ragon da aka turke don layya, ana ba shi dusa da harawa safe da yamma, kuma yabon mai shi a ce ragon ya yi ɓul-ɓul. Wannan ma'auni ya dace da ragon da za a yanka bayan wata uku, amma bai dace da mesar da ake fata ta yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mutum ba.

A ina kitsen yake taruwa, kuma me ya sa ba a ganinsa da wuri?

Rago da saniya suna tara kitse mai yawa ƙarƙashin fata, shi ya sa mai saye yake dafa gadon baya ya gane. Maciji kuwa a can cikin ciki yake fara tarawa, a wasu dunƙule-dunƙule da ke jere daga wajen tsakiyar jiki zuwa kusa da mafitar kashi, suna kewaye da hanji da ƙoda da mahaifa. Kafin ƙiba ta bayyana a waje har a gan ta da ido, cikin ya daɗe da cika.

Da asara na koyi wannan. Mesata ta farko mace ce, na same ta ba ta kai kamu ɗaya ba, na riƙa ba ta ɓera duk mako, da ta girma na ƙara girman ɓeran ban rage kwanakin ba, wani lokaci ma in ɗora mata ɗan tsako a kai. Wata rana wani tsohon gardi daga wajen Kawo, wanda duk muke kira Baba, ya ɗauke ta, ya bi gadon bayanta da babban yatsa tun daga wuya har wutsiya, ya ce mini, "Ɗana, wannan ba ƙoshin lafiya ba ne, ka rage mata." Na ce, "To, Baba," amma a raina na ɗauka rashin abin hannu ne ya sa yake horar da nasa da yunwa, ban rage komai ba. A shekara ta biyar ta daina ci, ta kwanta wuri guda, bayan kamar wata biyu na wayi gari ta mutu. Likitan dabbobi ya buɗe ta a gabana. Daga tsakiyar cikinta zuwa ƙasa kitse ne fari mai ɗan rawaya, layi biyu, ya danne hanjin har sai da ya ɗaga shi kafin mu gan shi, hantar kuma da ya kamata ta zama ja mai duhu ta koɗe ta yi launin ƙasa-ƙasa, tana marmashewa a yatsa. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ba jiya ta fara ba." Har yau idan na ga mesa mai sheƙi da santsi ana yabonta, wannan hanta nake tunawa.

Waɗanne alamomi ne zan duba a jikinsa?

A duba shi ne cikinsa babu abinci, aƙalla mako guda bayan ya ci, kuma a shimfiɗe a ƙasa mai faɗi, ba a rataye a hannu ba.

Abu na farko shi ne siffar gadon baya. Ƙaramar mesa mai lafiya idan aka dube ta daga gaba kamar kunyar gona take, ƙasa da faɗi, sama da ɗan tudu mai laushi, kuma idan aka bi da yatsa ana jin ƙashin baya amma ba ya tsini. Idan ta rame, kunyar takan yi kaifi, gefuna su faɗa ciki, ƙashin ya fito fili. Idan ta fara ƙiba, tudun yakan ɓace, jiki ya zama mulmulalle kamar taɓarya, idan kuma abin ya yi nisa sai nama ya taso hagu da dama, ƙashin baya ya nutse a tsakiya kamar kwari tsakanin kunya biyu. Duk ƙaramar mesar da aka ga wannan kwari a bayanta ta wuce ƙiba ta kai teɓa.

Sai fatar da ke tsakanin ɓawon jiki. A maciji mai lafiya ƙananan ɓawon nan suna hawa kan juna kamar jeren kwanon rufi, ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsu. Idan ya haɗiye abinci jiki yakan buɗe, fatar ta leƙo, bayan 'yan kwanaki ta koma, wannan ba komai ba ne. Abin damuwa shi ne a ga fatar tana leƙowa kullum, ko ya ci ko bai ci ba, musamman a kashi na uku na ƙarshen jiki.

Wurin da ya fi tona asiri a ganina shi ne mahaɗar jiki da wutsiya. Ya kamata jiki ya riƙa sirancewa a hankali har ya shige wutsiya ba tare da an ga iyaka ba. A maciji mai ƙiba kuwa jiki yakan zo da kaurinsa har bakin mafitar kashi, a ga wasu kumburi biyu a gefe kamar ƙugu, sannan wutsiya ta fito 'yar siririya kamar an dasa ta. Haka ma kai yakan zama ƙarami a kan jiki, wuya ya cika har ya kusa ɓacewa.

Idan ya naɗe kamar gammo, a duba cikin lanƙwasar. 'Yar tattara kaɗan a inda ya lanƙwashe sosai ba laifi ba ce, amma ninki mai kauri da ke tasowa, ko layukan da suke nan ko bayan ya miƙe, alamar kitse ne. Wasu ma ba sa iya dunƙulewa gaba ɗaya su ɓoye kansu kamar yadda suka saba. A hannu kuma mai lafiya yana da tauri, ana jin tsoka tana motsi tana riƙe damtse da ƙarfi, mai ƙiba kuwa lakaf yake kamar gorar ruwa ta roba, nauyinsa yana zubowa, kuma ɗan motsi kaɗan sai a ji yana huci.

Ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Dole sai na sayi sikeli?

A wannan sha'ani ido yana yaudara, domin wanda yake ganin dabba kullum shi ne na ƙarshen gane ta canja. Ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, irin wanda masu yin kek suke amfani da shi, ana samunsa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da shagunan kayan girki, kuma kuɗinsa bai kai asarar maciji ba. A sa macijin a jakar yadi ko roba mai murfi da aka huda, a cire nauyin jakar, a auna sau ɗaya a wata, cikinsa babu abinci, in da hali bayan ya yi kashi, saboda kashin babbar mesa yana iya ɗaga lissafi da giram masu yawa. A samu littafi a riƙa rubuta ranar awo da nauyi, da ranar ciyarwa da nauyin abin da aka ba shi, da ranar da ya yi saɓa. Tsawo kuma da zare ake bin bayansa sannan a auna zaren.

Amfanin littafin shi ne ya nuna alkibla. Ƙaramin maciji tsawo da nauyi tare suke hawa. Babba kuwa, wanda ya wuce shekara uku ko huɗu, tsawonsa kusan ya tsaya, saboda haka idan nauyinsa yana ƙaruwa wata bayan wata, ba girma yake yi ba, kitse yake tarawa. Babu wani adadi guda da za a ce shi ne daidai ga kowa, domin mace takan fi namiji tsawo da nauyi, kuma mesa biyu masu giram 1,800 ɗaya tana iya zama daidai ɗayar kuma ta yi ƙiba, gwargwadon tsawonsu.

Duk macizai siffarsu ɗaya ce?

A'a, kowane iri da ƙirarsa, kuma da ɗan uwansa ake gwada shi. Kasa gajera ce mai kauri tun asali, kumurci dogo ne siriri, ko da yake waɗannan masu dafi ba abin ajiyewa a gida ba ne ko kaɗan. Macijin masara na Amurka, wanda wasu suke shigowa da shi, siffarsa kamar burodin gwangwani ce, ƙasa shafe, gefuna a miƙe, sama da ɗan doro, kuma yana cikin waɗanda suke saurin yin ƙugun nan na kusa da wutsiya. Bowa ta Kudancin Amurka mai lafiya tana da kusurwa, tsayin jikinta daga ciki zuwa baya ya fi faɗinsa, kuma ɗan siririn kwari na tsoka a bayanta halitta ne, ita alamar ƙibarta ita ce ta zama zagayayya. Babbar mesarmu ta daji, wadda take wuce mita uku, tana girma da sauri ƙwarai idan ana ɗura mata kaji da zomaye, kuma saurin girman ne yake ruɗar mai ita ya ga kamar tana buƙatar ƙari.

Ta yaya zan bambanta ƙiba da kumburi na cuta ko ciki na ƙwai?

Ƙiba a hankali take zuwa cikin watanni, kuma tana bin jiki duka. Kumburin da ya fito cikin kwanaki, ko ya tsaya wuri ɗaya, ko ya fi ƙarfi a gefe guda, wani abu ne daban. Mace mai ƙwai takan yi kauri daga tsakiya zuwa ƙasa, ta daina ci, ta riƙa neman ɗumi, wani lokaci ta kwanta tana juya cikinta sama, kuma tana iya yin ƙwai marasa ɗa ko da ba ta haɗu da namiji ba. Kashin da ya taru yakan yi tauri kusa da mafita, kuma bushewar hunturu da ƙarancin ruwan sha suna jawo shi. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna Cryptosporidium da take kumbura tumbin maciji, a ga tsakiyar jiki ya taso yana amayar da abinci alhali sauran jikin yana ramewa. Ƙari da taruwar ruwa a ciki su ma suna kama da ƙiba ga wanda bai saba ba. Duk waɗannan rage abinci ba ya maganinsu, kuma matsa cikin da hannu don a gane abin da ke ciki yana iya fasa ƙwai ko ya ji wa hanji rauni.

To sau nawa ya kamata in ba shi abinci, kuma mai girman yaya?

Abin da gogaggun masu kiwon ƙaramar mesa suka saba shi ne jariri ya ci duk kwana 5 zuwa 7, matashi duk kwana 7 zuwa 14, babba kuma duk mako 3 zuwa 4, wani ma har ya fi haka idan jikinsa a cike yake. Girman abincin kada kaurinsa ya wuce inda macijin ya fi kauri, ya ɗan bar tudu kaɗan da zai baje cikin kwana biyu. Da sikeli kuma, ƙarami ana ba shi abin da ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa, babba kuwa kusan kashi 5 ya wadatar. Misali mace mai giram 1,500 ɓera mai giram 75 zuwa 90 sau ɗaya a mako uku ya ishe ta. Kuskuren da ya fi yawa, wanda ni ma na yi, shi ne a ci gaba da jadawalin jariri har bayan dabba ta girma.

Tazarar nan tana da dalili. A shekarun 1990 wasu masana biyu a Amurka, Stephen Secor da Jared Diamond, sun yi nazari a kan mesar ƙasar Bama, wato Myanmar ta nahiyar Asiya, suka gano cewa idan ba ta ci ba hanjinta yakan motse ya huta, da ta haɗiye abinci kuma cikin kwana biyu zuwa uku nauyin hanjin yakan kusa ninkawa, iskar da jikinta yake sha ta hau ninki-ba-ninki, har ta kai ninki 40 idan abincin ya kai nauyin jikinta. Bayan narkewa sai komai ya koma ya kwanta. Wato kowace ciyarwa babban aiki ce ga hanji da hanta da zuciya, kuma mesar da ake ba abinci kafin na baya ya gama narkewa ba ta taɓa samun hutun da jikinta yake buƙata.

Amma duk lokacin da na miƙa masa yana cafkewa. Ba yunwa ke nan ba?

Wani ƙanen abokina daga Unguwar Rimi ya taɓa ce mini, "Yaya, wallahi da dare sai ya yi ta zagaye akwatin yana leƙe, tausayi yake ba ni." Na ce masa maciji mai kwanto bai san gobe ba, halinsa ne ya kama duk abin da ya gifta, domin a daji bai san ranar da wani zai sake zuwa ba. Cafka ba shaidar yunwa ba ce. Yawon dare ma lokacin fitarsa ne, kuma macijin da yake fitowa yana bincike yana fitar da harshe ya fi wanda yake kwance kullum cikinsa a cike lafiya. Wani lokaci ma zafi ne ya yi masa yawa, ko maɓoyarsa ba ta yi masa ba, ko namiji ne da lokacin barbara ya zo masa.

Ba zalunci ba ne a bar dabba mako uku ba abinci?

Wannan tambaya daga zuciya mai kyau take fitowa, kuma ina girmama ta. Duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Wanda ya tsare dabba haƙƙinta yana wuyansa. Sai dai haƙƙin kowace dabba gwargwadon halittarta ne. Kyanwa idan ta kwana biyu ba ci ta galabaita, mesa kuwa mako uku a wajenta kamar tsakanin kalaci da abincin dare ne a wajenmu. Abin da ba za a yanke mata ba ko na rana ɗaya shi ne ruwa mai tsabta da ɗumi da maɓoya. Ni dai a ganina, cusa mata abincin da zai lalata hantarta shi ne tauye haƙƙin.

Irin abincin yana da tasiri?

Yana da shi sosai. Tsofaffin ɓerayen da aka gama kiwo da su, waɗanda masu sayarwa suke kawowa da araha saboda girmansu, kitse ne fal a cikinsu, gara matashin ɓera matsakaici. Ɗan tsakon kwana ɗaya, wanda yake da sauƙin samu a Kaduna saboda yawan gidajen kaji, nauyinsa kusan giram 35 zuwa 40 ne, kuma yana da kyau a riƙa sa shi jefi-jefi a madadin ɓera, ba ƙari a kansa ba, ko da yake yana sa kashi ya yi ruwa-ruwa. Cin tsuntsu ba baƙon abu ba ne ga wannan mesa. Wani nazari da Luca Luiselli da Francesco Angelici suka wallafa a 1998 kan waɗanda suke daji a kudu maso gabashin Nijeriya ya nuna cewa mazan sun fi hawa bishiya kuma sun fi cin tsuntsaye, matan kuwa sun fi cin dangin ɓera. Yankan nama zalla ba abincin maciji ba ne, domin yana buƙatar ƙashi da hanta da gashi gaba ɗaya.

Ina roƙon masu kiwo kada su kama ɓeran gida ko na gona su ba maciji. Wataƙila ya ci shinkafar ɓera a maƙwabta, yana kuma ɗauke da tsutsar ciki, sannan ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ne yake yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda hatsarinsa a kan mutanen gida yake tun kafin a zo kan maciji.

Akwai wata hanyar yawan ciyarwa da ta keɓanta da mu. Mutum ya tara ɓeraye a firiza, aka ɗauke wuta kwana biyu, suka narke, sai ya ga asara ce a zubar, ya ba maciji biyu ko uku a tashi ɗaya. Wanda ya narke ya kwana ya yi wari zubarwa ake yi, kuma mafita ita ce a riƙa sayen kaɗan-kaɗan.

Me ya sa yake ƙin ci da hunturu, kuma in ya dawo ci in rama masa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu daren Kaduna yakan yi sanyi har ya sauka ƙasa da digiri 16, iska kuma ta bushe. Ƙaramar mesa tana son gefe ɗaya na akwatinta ya kai digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen kuma 25 zuwa 27. Idan ɗumi bai isa ba abinci ba ya narkewa, yakan ruɓe a ciki ta amayar da shi, saboda haka daren da ba a da tabbacin ɗumi gara a fasa ciyarwa. Bayan haka manya da yawa, musamman maza, sukan yi azumin kansu na wata biyu zuwa huɗu a wannan lokaci ko da ɗumin ya yi daidai. Muddin idonsa garau yake, numfashinsa babu ƙara, kuma littafi ya nuna bai rasa kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa ba, a ƙyale shi, a riƙa gwada shi duk mako biyu ko uku.

Ramuwar ita ce kuskuren. Da bazara ta shigo ya buɗe baki, sai mai shi ya ce bari ya biya bashin hunturu, ya riƙa ba shi duk kwana biyar. Azumin nan shi ne hanyar da jikinsa yake ƙone kitsen da ya tara, babu bashin da za a biya. A koma jadawalin da aka saba, a fara da abinci ɗan ƙarami.

Wace illa ƙibar take yi?

Babbar illa ita ce kitse ya mamaye hanta har ta kasa aiki, kuma alamarta ta farko sau da yawa ita ce maciji mai jiki ya daina ci ya yi laushi, lokacin da abin ya riga ya yi nisa. Kitsen ciki yana matse huhu, ga shi maciji da haƙarƙari yake numfashi, yana kuma wahalar da zuciya. Idan aka zo yin tiyata, mai ƙiba ya fi shiga hatsari wajen maganin barci.

Mata sun fi shan wahala. Gaskiya ne mace tana buƙatar ɗan tanadi, domin takan yi ƙwai kamar 4 zuwa 8, ta naɗe a kansu kusan wata biyu ba ta ci. Masu kiwo don haihuwa sukan jira ta kai shekara uku da kusan giram 1,500. Amma wasu masu gaggawa suna ɗura mata abinci don ta kai nauyin a shekara ɗaya da rabi, sai a samu nauyi babu ƙwarin jiki, tsokar da za ta tura ƙwai ta yi rauni, kitse ya toshe hanya, ƙwan ya maƙale. Irin waɗannan da yawa ba sa kai shekara goma, alhali a 2020 wata ƙaramar mesa a gidan namun daji na birnin St. Louis a Amurka ta yi ƙwai tana da kimanin shekara 62.

Na gane nawa ya yi ƙiba. Yaya zan rage masa?

A hankali, kuma kada a yanke masa abinci gaba ɗaya, domin yunwar dole ga dabbar da hantarta ta riga ta cika da kitse tana iya ƙara dagula ta. A fara da rage girman abincin, a bar kwanakin yadda suke na kamar wata guda, sannan a buɗa tazara. Misali mace mai giram 2,400 da ake ba ɓera mai giram 200 duk mako, a mayar da ita mai giram 100, bayan wata guda a koma duk mako biyu, bayan wata biyu kuma duk mako uku zuwa huɗu. A riƙa awo duk wata. Abin da ake nema shi ne nauyi ya tsaya, sannan ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan. Aikin yakan ɗauki shekara ko fiye, kuma ninkin fata sai ya yi saɓa da dama kafin ya baje. Idan nauyi ya faɗi da sauri, wannan ba nasara ba ce, alamar wata cuta ce.

Motsi shi ne rabin maganin. Akwatin da tsawonsa bai kai tsawon macijin ba ya yi masa kaɗan, babbar mace tana buƙatar kamar santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi da 60 a tsayi. A sa reshe mai ƙwari da zai hau, a sa maɓoya biyu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, a riƙa sauya wurin kayan lokaci-lokaci don ya fito ya bincika. Ana iya fito da shi da yamma sau biyu ko uku a mako ya yi tafiya a ɗaki rufaffe da aka toshe ƙasan ƙofa da ramuka, mai shi yana zaune yana kallo, amma ba cikin kwana biyu na bayan cin abinci ba. Kada a sake shi a tsakar gida, domin kowa ya san abin da maƙwabci zai yi idan ya ga maciji ya leƙo ta magudanar ruwa. Idan a gida akwai mai taimakawa wajen ciyarwa, a manna jadawalin a jikin akwatin, saboda na sha ganin inda maigida ya ba da ɓera, ƙanensa ma ya bayar, kowa yana zaton shi kaɗai ya ciyar.

Yaushe ne lallai sai an kai shi wajen likita?

Idan maciji mai ƙiba ya daina ci ba a lokacin hunturu ba kuma ya yi laushi, ko ya amayar da abinci sau biyu a jere, ko yana numfashi baki buɗe, ko kumburi ya tsaya wuri ɗaya, ko mace ta yi ta yunƙuri ƙwai bai fito ba, ba a jira. Bayan amai na farko ma a ba shi hutun mako biyu kafin a sake gwada shi da abinci ƙarami. Ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da macizai ba, don haka a tambaya tun kafin a tashi daga gida. Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kimanin kilomita 80 daga Kaduna, yana cikin wuraren da ya kamata a nema idan ana buƙatar hoto ko gwajin jini. A ɗauke shi a jakar yadi da aka ɗaure bakinta, a sa jakar a kwali mai huda, kada a bar shi a mota cikin rana ko a gaban na'urar sanyaya iska, kada kuma a ba shi abinci ana gobe tafiya. A riƙe sabon kashinsa a leda idan ya yi, a kuma tafi da littafin awo, domin tambayar farko da likita zai yi ita ce me yake ci, mai nauyin nawa, kuma tun yaushe.